Karen Da Ba A Ce Masa Sannu

Akwai wani kafinta da ake ce masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kowa. Mutum ne mai hannun aiki da saurin fushi. Idan ƙusa ta lanƙwashe masa, sai ya tsaya yana zaginta kamar tana da kunne.

Rumfar aikinsa tana bayan gidan yayarsa, katanga ɗaya ce tsakani. Ita ta raine shi tun da iyayensu suka rasu. Kitso take yi, kuma duk layin Yaya suke ce mata, har da waɗanda suka girme ta.

Wata rana da hantsi Dogo ya tura baro zai ɗauko katako, sai ya ji nishi a cikin kwata, bayan filin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya leƙa. Kare ne ja, haƙarƙari duk a waje, kunne ɗaya a yage. Wayar da aka ɗaure shi da ita ta nutse a wuyansa har nama ya fara rufe ta. Ƙudaje sun riga sun zauna rabon gado.

Tun asuba mutane ke wucewa ta wurin. Kowa ya toshe hanci ya ƙara sauri. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, 'ya'yana. Hanci ya ji, zuciya ba ta ji ba.

Dogo ya cire rigarsa ya rufe kan karen, ya ɗora shi a baro. Da kare ya koma gida ranar, ba da katako ba.

Yaya tana tsakar gida, kan wata mata a tsakanin gwiwoyinta. Ta ɗago ido.

"Dogo, mene ne wannan?"

"Baƙo ne."

"Baƙon wa? Ni na gayyato shi? Ko gidana ne ya zama juji ban sani ba?"

"Rumfa zan kai shi, Yaya. Ba zai taka miki tsakar gida ba."

"Ya taka ya gani."

Haka sunan ya zauna masa: Baƙo.

Dogo ya kira likitar dabbobi, wata 'yar siririyar mace mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta yanke wayar, ta wanke ciwon, ta ɗinke. Cikin wata biyu gashi ya fito, haƙarƙari ya ɓuya, karen ya fara tafiya da ƙafa huɗu kamar kowane kare.

Jiki ya warke. Barci ne bai warke ba.

Kullum idan rana ta take, Dogo ya ajiye zarto don ya huta, Baƙo yakan shige ƙarƙashin teburin aiki ya kwanta a kan garin katako. Da barci ya ɗauke shi, sai abin ya zo. Ƙafafunsa su yi ta gudu alhali yana kwance. Jikinsa ya ɗauki rawa. Ya riƙa wani siririn kuka kamar jaririn da aka manta a ɗaki. Wani lokaci har fitsari ya zubo masa.

Tausayi ya kama Dogo, ya ruga, ya durƙusa, ya miƙa hannu.

"Sannu, Baƙo. Sannu, sannu."

Sai karen ya zabura kamar an zuba masa wuta, ya doki ƙafar tebur da kai, ya maƙure a kusurwa, haƙora a waje, ido jawur.

Haka idan ya kawo masa nama. Ya riƙe a tafin hannu, ya sassauta murya, ya ce sannu. Baƙo ya juya kai bango, yana karkarwa. Sai an jefar da naman a ƙasa, an tafi, sannan ya lallaɓo ya ɗauka da ƙasar da komai.

Abin ya fara ci wa Dogo rai.

"Kai wane irin butulu ne?" ya daka masa tsawa wata rana. "Ni na ciro ka daga kwata! Rigata ɗaya mai kyau na ɓata a kanka! Ni kake nuna wa haƙori?"

Ku duba fa. Wai babban mutum mai gemu yana yi wa kare gori. Amma kada ku yi masa dariya da yawa, da yawanmu haka muke. Mu yi alheri da safe, kafin yamma mun miƙa hannu muna jiran godiya.

To, ana nan ana nan, ranar wata Talata Dogo ya tafi kai wa wani ƙofa. Yaya ta gama wa wata kitso, gida ya yi shiru, sai ta jiyo kukan nan ta bayan katanga. Yaya bakinta ne kawai mai kaifi, cikinta ruwa ne. Ta daure, ta daure, ta kasa. Ta ɗauki ragowar nama a kwano, ta zagaya rumfa, ita da ta rantse ba za ta taɓa kallon karen ba.

Ta same shi yana ta shure-shure cikin barci. Ta tsuguna, ta miƙa naman har bakin hancinsa.

"Sannu, bawan Allah. Sannu, ka ji? Sannu."

Ido bai gama buɗewa ba, haƙori ya rufe a hannunta na dama.

Ihunta ya tara layi. Kafin Dogo ya dawo an kai ta asibiti, an ɗinke mata yatsa biyu, an fara yi mata allurai. Ya same ta zaune a tabarma, hannu naɗe da bandeji kamar kan jariri, mata sun kewaye ta.

A bakin ƙofa kuma ga wani maƙwabcinsu, tsohon mai gadi da ya yi ritaya. Sarkin Sani ake ce masa, don ko maganar haihuwa ake yi sai ya ce ya fi ungozoma sani.

"Na faɗa tun farko," in ji shi, alhali bai faɗa wa kowa komai ba. "Mahaukacin kare ne. Shekara talatin ina gadi, daga tafiyar kare nake gane shi. A sa masa guba a nama, a huta."

"Guba a naman wa?" Dogo ya taso masa.

"Dogo!" Yaya ta kira shi. "Zo nan. Dubi hannun nan. Da shi na ciyar da kai. Da shi na biya maka koyon aikin da kake taƙama da shi. Yau ka kawo mini abin da zai raba ni da shi, kuma kana tsaye kana kare masa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa.

Likitar dabbobi ta zo da yamma, ta duba karen daga nesa. Ta ce kada wanda ya taɓa shi. A tsare shi kwana goma. Idan cutar hauka ce, cikin kwanakin za ta fito fili. Idan ya kai lafiya, to ba ita ba ce.

"Na ji," in ji Yaya. "Kwana goma na likita ne. Rana ta goma sha ɗaya tawa ce. Ko hauka ko ba hauka ba, za ka kai shi a yi masa allurar da ba a tashi. Idan ka ƙi, ka kwashe katakonka da karenka ku bar mini gida. Na gama magana."

Dogo ya buga wa rumfar shinge da falanki, ya rufe Baƙo a ciki.

Daga ranar abin ya ƙara lalacewa. Karen da a da sai cikin barci yake firgita, yanzu ido biyu ma haka. Tun safe har yamma yana dukan falanki da ƙirji, yana kuka, yana yaƙushin ƙasa har faratansa suka yi jini. Sarkin Sani ya kawo kujera bakin katanga ya zauna, duk wanda ya zo duba Yaya sai ya tare shi.

"Kun ji ko? Wannan kukan mai hankali ne?"

Dogo kansa ya fara shakka. Rana ta uku ya tsaya a bakin shingen, guduma a hannu, yana huci.

"Ka yi shiru mana! Kashe ka za su yi, wawa! Ka taimaki kanka ka yi shiru!"

Karen ya kalle shi, ya saki fitsari.

Rana ta huɗu likita ta ce masa ya je ya binciko inda karen ya fito, ko an taɓa yi masa rigakafi. Kowa a unguwar ya san daga filin ƙarafan nan ake jin haushi a da. Dogo ya tafi.

Ya sami Mai Ƙarafa zaune a kan tsohuwar kujerar mota, yana sakace haƙori. Mutum ne mai tumbi da dariya a kusa. A kusurwar filin ga wani sabon kare baƙi, ɗaure da sarƙa a rana, babu ko kwanon ruwa.

"Jan karen nan? Ai nawa ne," in ji shi, ko kunya babu. "Ashe bai mutu ba? Rigakafin me? Ni kaina ba a yi mini ba."

"Me ka yi masa?"

"Horo na yi masa, kafinta. Kai katako ka sani, ni kare na sani." Ya gyara zama, da gani yana jin daɗin samun mai saurare. "Bari in koya maka kyauta. Ɓarawo ba ya zuwa da sanda. Da nama yake zuwa, da murya mai taushi. Sannu, sannu, ɗan kare. Shi ke nan an saye maka mai gadi. To ni sai in riga ɓarawon. In sa wani ya riƙo nama, ya matso a hankali yana ce masa sannu. Da ya miƙa wuya, ni ina baya da rodi. Tim!"

Ya tafa hannu, ya yi dariya.

"Sau nawa?" in ji Dogo. Muryarsa ta sauka ƙasa.

"Wa ya ƙirga? Kullum. Har in yana barci. Karen gadi da barci? Sai in lallaɓa in ce masa sannu a kunne, kafin ya buɗe ido na sauke masa. Amma wancan ba shi da zuciya, lalacewa ya yi, sai fitsari da karkarwa. Na jefar. Wannan baƙin dai ina ganin zai yi."

'Ya'yana, ni tsohuwa ce, na ga mugunta iri-iri. Amma wanda zai ɗauki kalmar da uwa ke faɗa wa ɗanta idan ya faɗi, kalmar da ake faɗa wa mara lafiya da mai jego da wanda aka yi wa rasuwa, ya jiƙa ta da guba ya ba dabba, wannan ban san sunan da zan kira shi ba. Duk sunan da na sani ya yi masa kaɗan.

Dogo bai san lokacin da ya shaƙo wuyan rigar mutumin ba. Ya ɗaga shi daga kujerar, ya ɗaga ɗaya hannun sama, a dunƙule. Sai ya ji ƙarar sarƙa. Baƙin karen nan ya ga hannu a sama, ya baje a ƙasa, ya rufe ido, yana jiran rabonsa.

Dogo ya dubi karen, ya dubi hannunsa. Ya saki rigar.

"Ba don kai ba," ya ce wa Mai Ƙarafa. "Wallahi ba don kai ba."

Ya kama hanyar gida. Wata biyu! Wata biyu yana durƙusawa a kan karen nan cikin barci yana faɗa masa kalmar rodi, sannan ya zage shi da butulu.

Yana isa ƙofar gida ya tarar da mata uku suna shiga, sun zo duba Yaya.

"Sannu, Yaya! Ya hannun? Sannu, sannu!"

"Ayya, sannu! Kai, sannu fa!"

Nan take ta bayan katanga: gaf! gaf! gaf! Baƙo yana dukan falanki.

Dogo ya dafe kai. Kwana huɗu ke nan rabin unguwa na shigowa gidan, kowa da sannu goma a bakinsa, kuma katanga ɗaya ce tsakani. A kunnen Baƙo, tun safe har dare rodi ake ɗagawa.

Ya kira likita ya faɗa mata komai. Ta cire gilashi ta goge, ta ce maganar baƙin karen a bar mata, ta san inda za ta kai ƙara. Sannan ta ce:

"Ka saurara da kyau. Idan yana mafarki, kada ka taɓa shi. Kada ka tsaya a kansa, kada ka kira shi. Ka zauna nesa, ka ba shi gefe, ka yi wata ƙara da ya saba ji, wadda ba a taɓa dukansa a kanta ba. Ya farka da kansa ya ga inda yake. Abinci kuma ka ajiye ka juya baya. Tsawa ka daina ta gaba ɗaya. Kalmar nan kuwa, a ɗauke masa ita tukuna."

"A ɗauke sannu? Likita, a bakin mutanenmu?"

"Kai ka ɗauko kare," in ji ta.

Dogo ya sami wani falanki, ya rubuta da gawayi, ya kafa a bakin rumfa: A NAN BA A CEWA SANNU. KA CE BARKA.

Layi ya samu abin dariya. Wani ya zo karɓar kujera ya ce, "Sannu da ai... au, barka da aiki, mijin kare!" Sarkin Sani ya karanta allon sau biyu, ya ce to ga shi nan, cutar ta tsallaka ta kama mai karen.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar tana cikin gida.

Ya shiga ya tsuguna a gaban Yaya, ya ba ta labarin Mai Ƙarafa daga farko har ƙarshe. Ta saurara, fuska a ɗaure.

"To, sai me? Ni na doke shi?"

"A'a, Yaya. Alfarma nake nema. Masu zuwa duba ki... ko za ki ce musu su daina cewa sannu. Kwana shida kawai."

Yaya ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Maimaita."

"Su ce ya jiki, ko Allah ya ƙara sauƙi, ko..."

"Dogo, karenka ya tauna mini hannu. Kwana huɗu ban riƙe tsinken kitso ba, matan da nake yi wa shekara da shekaru sun koma wurin wata. Ko ɗaurin zane sai an taya ni. Abu ɗaya ya rage mini a duniya, mutane su shigo su ce mini sannu. Shi ma in ba kare? Tashi ka fita. Tashi, kafin in manta uwa ɗaya ta haife mu!"

Ya fita. Kuma ni ban ga laifinta ba, kada wani ya zo mini nan yana zagin Yaya. Wanda bai taɓa rasa hannun cin abincinsa ba ya yi shiru.

Dogo ya koma rumfa ya yi abin da zai iya. Ya jingina tsofaffin katifu biyu a jikin katangar don su rage sauti. Ya haɗa wa Baƙo wani akwati mai rufi, ƙofa ɗaya, inda babu mai zuwa masa ta baya. Ya gwada ƙarar zarto, karen ya firgita. Guduma kuwa ba a magana. Sai ya ɗauki samfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge katako, ya fara gogawa a hankali. Shuu, shuu, shuu.

Rana ta shida mafarkin ya zo. Duk jikin Dogo yana ce masa ya tashi ya je. Ya cije leɓe, ya zauna inda yake, ya ba da gefe, yana ta gogawa. Karen ya yi shure-shure, ya yi kuka, ya zabura. Ya tsaya yana haki, yana neman rodi ta hagu da dama. Babu rodi. Sai wani dogon mutum can nesa yana goge katako, ko kallonsa ba ya yi.

Baƙo ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma akwatinsa ya kwanta.

Dogo ya ci gaba da gogawa har ya cinye gefen falankin, hawaye na sauka a kan garin katako. Wannan shi ne aiki mafi wuya da ya taɓa yi a rumfar: zama wuri ɗaya.

Rana ta takwas Yaya ta fito shanya da hannu ɗaya. Ta lura kukan ya ragu, sai ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga, wai ta ga ko mutuwa karen yake yi. Ta ga ƙanenta yana goge katako. Ta ga Baƙo kwance, haɓa a kan ƙafafu, ido a lumshe, kamar ba shi ne ya yi mata aika-aika ba.

Daidai nan wata ƙawarta ta shigo da murya kamar lasifika.

"Yaya! Ke da ciwo kike hawa turmi? Sannu! Sannu, 'yar uwa!"

A gaban idon Yaya karen ya narke. Bai yi haushi ba, bai nuna haƙori ba. Ya manne da ƙasa, ya kwantar da kunnen nan guda, ya rufe ido gam, ya ɗan kauda kai gefe. Yana jira.

Yaya ta san wannan kauda kan. Marigayi mijinta mutum ne mai daɗin baki a waje. Idan ya shigo gida ya rufe ƙofa a hankali, ya kira ta da murya mai laushi, ta san abin da ke biye. Shekara goma sha ɗaya da binne shi, har yau idan namiji ya sassauta mata murya sai ta kauda kai gefe. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Dogo.

Ta sauko daga turmin.

"Sannu fa, Yaya, ya..."

"Ke, rufe mini baki da sannun nan. Kin ishe ni. Ba ki iya cewa ya jiki ba?"

Ƙawar ta saki baki. Daga ranar duk wadda ta shigo, tun daga zaure Yaya ke tare ta: "Ya jiki ake cewa a gidan nan." Ba ta yi wa kowa bayani ba. Dogo ma ba ta ce masa uffan ba, ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Kwana goma suka cika. Likita ta zo ta duba, ta ce babu cutar hauka, karen lafiyarsa ƙalau.

Washegari da sassafe sai ga Sarkin Sani da buhu da igiya, da mutum huɗu 'yan kallo a bayansa.

"Yau ce sha ɗaya," in ji shi. "Yaya, ba sai an wahalar da likita ba. Ni zan yi miki aikin, minti biyar."

Dogo yana tsaye a bakin rumfa. Ya riga ya ɗaure kayan aikinsa a baro tun daren jiya, don ya yanke wa kansa: idan ta ce a kashe, zai tafi da karen, ko a ƙarƙashin gada ne.

Yaya ta fito, ta dubi baron, ta dubi buhun.

"Wa ya aiko ka?" ta tambayi Sarkin Sani.

"Ai ke kika ce..."

"Da ƙanena na yi magana. Kai a wa? Hannunka aka ciza? Kwana goma ka dasa mini kujera a bakin katanga kamar an ba ka gadin gidana. Shekara talatin kana gadi, ba ka iya bambance mai hauka da mai tsoro ba? To me ka yi ta gadi? Ɗauki buhunka. Idan kana neman mahaukaci, yana can filin ƙarafa a kan kujerar mota, je ka saka shi a ciki."

'Yan kallo suka fashe da dariya. Sarkin Sani ya naɗe igiyarsa, yana gunaguni wai mata ba su san kare ba, ya wuce.

Ta juyo kan Dogo.

"Kai kuma sauke kayan nan, kana tsaye kamar sandar lantarki. Ina za ka? Wa zai karɓe ka da wannan fushin naka da karen da ba a gaisarwa?"

"Yaya..."

"Ban yafe ba tukuna, kada ka yi mini murmushi. Shinge ya zauna yadda yake. Ba zai taka mini tsakar gida ba. Kuma daga yau in na ƙara jin ka daka masa tsawa, kai zan kai wa likita."

Baƙin karen can kuwa, likita ta cika alkawari, hukuma ta zo ta kwance shi ta tafi da shi. Labarin horon Mai Ƙarafa ya zaga unguwa. Bayan 'yan makonni wani ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, ya yi wata guda yana ɗingishi a layi, kuma ko mutum ɗaya bai ce masa sannu ba. Ban ce an kyauta ba. Amma ban yi kuka ba.

Kada ku ɗauka Baƙo ya warke rana ɗaya. Ƙarya ba ta da amfani. Mafarkin da yake zuwa kullum ya koma sau biyu a mako, daga baya sai a yi wata bai zo ba, sannan ya dawo ba sallama. Sai da aka shekara kafin ya karɓi nama daga hannun Dogo. Yatsan Yaya ɗaya kuma bai ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Ta koma kitso, amma kan da take gamawa kafin azahar yanzu sai la'asar.

Wata rana Dogo ya dawo daga sayen katako, tun daga nesa ya jiyo siririn kukan nan. Ya saki baro ya ruga. Yana zuwa bakin rumfa ya tsaya cak.

Yaya ce zaune a kan benci, can nesa da akwatin, ta ba shi gefe. Ta ɗora wani guntun falanki a cinya, tana goga masa samfefa da hannun hagu, a karkace, duk ta ɓata wa Dogo katakon. Tana yi tana mita ƙasa-ƙasa, murya ɗaya ba hawa ba sauka.

"Kai dai ka cuce ni, mummuna. Ka ci mini yatsa, ka kore mini masu kitso, yanzu kuma ka sa ni aikin kafinta da tsufana. Yi barcinka. Babu mai zuwa. Ina nan zaune, in ga uban da zai zo."

Baƙo ya farka, ya ɗaga kai, ya dube ta. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya mayar da haɓarsa ƙasa, ya rufe ido.

Darasi: Wanda aka cuta, mutum ne ko dabba, ba ya warkewa don kai ka gaji da jira, kuma ba ka bin sa godiya. Idan ka miƙa alheri aka ture hannunka, kafin ka ce butulu, ka bincika abin da wani hannun ya yi kafin naka. Ka taimaka ta hanyar da mai ciwon zai iya ɗauka, ko da zama nesa ne ka yi shiru. Ku kuma masu dukan abin da ba ya iya kai ƙara, ku sani Wanda ya halicce shi yana ji. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman mai kare ɗaure a rana babu ruwa.